Kafin ka sayi shatla (ɗan icen dashe) a mashtal (wurin renon itatuwa): muskit, gawo ko dakwara?

Ƙanina ne ya kira ni daga Gadarif a gabashin Sudan wai yana so ya kewaye gonarsa da itatuwa saboda iska, wani ya ce masa ya sa muskit tunda yana saurin girma kuma ba ya neman ruwa. Na ce masa tsaya tukuna, je ka tambayi mutanen Halfa Jadida da Tokar da Gash abin da muskit ya yi musu.

Wannan icen ba namu ba ne, asalinsa daga can nahiyar Amurka yake, a 1917 aka shigo da shi Sudan don tsare yashi, kuma a 1995 gwamnati da kanta ta ba da umarnin a kawar da shi. Abin da ke ruɗin mutane shi ne idan ka tona ƙasar gindinsa za ka ga ta yi baƙi, kuma gaskiya ne akwai taki a wurin, domin dangin wake ne, saiwarsa tana da ƴan ƙulle-ƙulle da wasu ƙananan halittu ke zama ciki suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna zuba wa ƙasa. To amma takin wa zai ci? Ganyensa idan ya zuba yana hana irin ciyawa da na hatsi tsirowa, saiwar ta nutse ta shanye ruwan ƙasa, akuya ta ci ƴaƴan ta je ta yi kashi a bakin tur'a wato magudanar ban ruwa, bayan shekara biyu wurin ya zama sarƙaƙiya mai ƙaya har tayar tarakta take fasawa. Kawuna ya sare na hawasharsa, wato gonarsa ta ban ruwa, sau uku yana sake tohowa, sai da aka tono kututturen aka ƙona, kuɗin leburori kaɗai ya fi abin da ya samu a gawayin. Ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa wallahi.

Ni gawo nake ba da shawara, wanda Larabawa ke ce wa haraz. Shi ma yana da ƙulle-ƙullen nan, sai dai halinsa daban, da damina yake kakkaɓe ganye, ganyen ya ruɓe da wuri a daidai lokacin da dawa ke neman abinci kuma ba inuwar da za ta danne ta, da rani kuma ya yi kore dabbobi su kwanta a gindinsa su bar taki. Ka dubi dawar da ke ƙarƙashin gawo ka dubi ta nesa, ba sai an yi maka bayani ba. Aibinsa ɗaya, jinkiri, shekarun farko kamar ba ya motsi.

In ƙasarka jigawa ce ko ta gaji, ɗauki dakwara wato hashab. Haka mutanen Kordofan suke hutar da gona tun da can, ƙasa ta farfaɗo, wajen shekara biyar kuma ka fara tsaga kana samun ƙaro na sayarwa.

Kafur, wato icen turare (eucalyptus), yana ba da sanduna masu kyau amma mashayin ruwa ne, ganyensa mai mai ne ba ya ruɓewa da wuri, gindinsa yakan zama fayau. Darbejiya kuma ta ƙofar gida ce, inuwarta ta yi wa shuka yawa.

A mashtal ɗin kar ka zaɓi dogon shatla. Ɗaga ledar ka leƙa ƙasanta, in saiwar ta nannaɗe ko ta huda leda ta kama ƙasa ajiye shi, musamman gawo da saiwarsa ɗaya ce mai miƙewa ƙasa. Ka roƙi mai wurin ya yaga maka leda ɗaya, ka nemi ƙullin ka murje da farce, in cikinsa ja-ja ne halittun suna aiki. Ƙanin nawa dai ya ɗauki gawo jefi-jefi a tsakiyar gona, dakwara a layin iyaka, yana jiran ruwan farko ya dasa.