Gargaɗi ga mutanen Kaduna: mai haɗa waifai ya wanke ni ₦640,000

Salamu alaikum jama'a. Yau kwana tara ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma na ce ko dariya za a yi min sai na faɗa, don wallahi in na ci gaba da haɗiye shi hawan jini zai kama ni. ₦640,000. Dubu ɗari shida da arba'in. Ba tsintarsu na yi ba, kuɗin da na tara ne daga ɗaukar hoto da bidiyon biki, rana da ƙura da tsayuwar dare a wajen dina, wani ya zo ya kwashe yana min murmushi.

Gidanmu gidan gado ne a Unguwar Rimi, akwai sashen Hajiya, ni da iyalina muna ƙasa, ƙanina yana sama, sai bikiyu a baya inda na mayar ɗakin aiki. Rautar MTN ɗaya gare mu a falo, kuma duk wanda ya san gini mai dekin ya san waifai ba ya ratsa kankare yadda ya kamata, a sama sanda ɗaya, a bikiyu babu kwata-kwata. Abin da nake so bai da yawa: a ja waya a sa rauta a kowane sashe duk su zama netwok ɗaya, sannan a sa ma'ajiya guda da kowa zai iya jefa fayil ya ɗauka, ni in gama ɗauka in zuba, ƙanina ya ja daga sama ya yi editin, mu huta da yawo da filash.

Kuma tun kafin wani ya fara cewa ai kai ma ka cika yarda, a sani ba a Facebook na tsince shi ba. A layin masu kwamfuta na Ahmadu Bello Way na haɗu da shi, yana zaune cikin shago, kan kujerar mai shago, yana ba yaro umarni. Wa zai ce ba nasa ba ne? Daga baya da na koma mai shagon na gaskiya ya ce min shi ma zuwa kawai yake ya zauna ya yi cajin waya, ko gidansu bai sani ba. Amma wannan daga baya ne, bari in bi a hankali.

Ya zo gida ya zagaya ko'ina da tef yana awo, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Aka kira La'asar muka yi salla sahu ɗaya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajiya, Mama Mama, har ya gyara mata WhatsApp ɗinta da ya daina buɗe murya. Ya rubuta min lissafi a takarda, tana nan zan ɗora hotonta: rauta huɗu ₦180,000, akwatin ajiya mai had dis biyu ₦310,000, kwalin kebul ₦85,000, suwic da tarkace ₦25,000, kuɗin aiki ₦40,000. Ya ce, "Yallaɓai kar ka ba ni kuɗin aiki sai ka ga aiki da idonka, na kaya kawai za ka fara bayarwa."

To ga wurin da ke hana ni barci. Na tura masa ₦450,000 maimakon ₦445,000 da muka yi a kashin farko, kuskuren danna lamba. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga alat, ya dawo min da ₦5,000. Ya kira ya ce, "Yallaɓai kuɗinka sun yi yawa, haƙƙi ba abin wasa ba ne." Haƙƙi ba abin wasa ba ne! Wallahi ina zaune a mota a bakin shataletalen Lugard Hall na ajiye waya na ce alhamdu lillahi har yanzu akwai mutanen kirki a garin nan. Dubu biyar. Da dubu biyar ya sayi hankalina ya tafi da ₦640,000. Ku faɗa min tsakani da Allah wa zai zargi mutumin da ya dawo masa da canji ba tare da ya tambaya ba? Har maiɗakina na ba labari a daren, ita ce ma ta ce to amma me ya sa sunan akawun ɗin na mace ne, na ce ai ya faɗa min na matarsa ne, nasa yana da iyakar abin da zai iya karɓa. Na ma yi mata faɗa wai ta cika zargi. Yanzu ko kallonta ba na iya yi in an ta da maganar, ita kuma ba ta ce komai ba, shirun ya fi zagi ciwo.

Sun yi kwana biyu suna aiki shi da yaronsa, farkon Disamba, daidai shigowar bukukuwa. Ya kawo wani baƙin akwati na ƙarfe mai fanka da shuɗiyar fitila, ya miƙo min ya ce ɗaga ka ji nauyi, had dis biyu ne a ciki, duk abin da ka zuba a ɗaya yana shiga ɗayan, ko ɗaya ya mutu ba ka rasa komai ba. Na ɗaga, da nauyi kam. Ya buɗe laftof ɗina ya nuna min ma'ajiyar ta fito, an rubuta 4.00TB cif. Muka jefa hotuna goma, ƙanina ya buɗe su daga sama, suka buɗe. Nan take na cika masa ₦195,000, har da tuwon dare ya ci a gidan. Ni na gwada fa, ba wai ban gwada ba, hotuna goma na gwada.

A'a na tsallake wani abu. Tun sati na farko waifai ɗin ya fara iskanci, waya ta nuna ta haɗu amma ba intanet, ka taka daga falo zuwa tsakar gida ta yanke, wani lokaci laftof ya ga ma'ajiyar wani lokaci ta ɓace sai an kashe komai an kunna. Na kira shi ya ce hazo ne ke taɓa sabis. Na sake kira ya ce wutar NEPA ce ba ta da ƙarfi, in sa su a kan inbata. Na sa. Ya ce yana Zariya wajen rasuwa. Ya ce yana Abuja wani aiki. Ranar ƙarshe da ya ɗauka cewa ya yi gobe in sha Allahu bayan Azahar yana gidana, har yau goben ba ta yi ba, layi a kashe, WhatsApp ya yi bulokin ɗina, ko sama ko ƙasa.

A tsakanin nan ni kuma ina ta zuba aiki. Biki uku na ɗauka a Disamba, ɗaya a Barnawa biyu a Malali, kusan 300GB, ina barin shi ya kwana yana kwafa saboda jinkiri, da safe in ga sunayen fayil duk sun jeru, sai in goge katin kyamara don biki na gaba. Me zai hana in goge, ba an ce min kwafi biyu ne ba? Sai tsakiyar Janairu ƙanina ya zauna zai haɗa bidiyon amaryar Barnawa, ya danna bai buɗe ba, na biyu bai buɗe ba, suna yana nan, girman fayil yana nan, ciki wayam.

Wani abokin ƙanina da ya yi karatun kwamfuta a Kadpoly shi ya zo ya duba, yaro ƙarami mai natsuwa, yana ta ce min Yaya ka yi haƙuri tun kafin ya kwance komai. Ya ce rautocin nan huɗu kowacce tana raba adireshi ga wayoyi, kuma duk suna kan 192.168.0.1, kamar gida ɗaya mai masu gida huɗu kowa na ba da umarni, shi ya sa komai ke rikicewa. Ya kamata ɗaya ce kawai za ta riƙa rabon, sauran a kashe musu DHCP, wato tsarin rabon adireshin, a ba kowacce lambarta su zama masu yaɗa waifai kawai, aikin da bai fi rabin awa ba ga wanda ya iya. Rautocin kuma na hannu ne aka goge aka sa a sabon kwali, gudun ramukan wayarsu 100Mbps ne, ni kuma gigabit aka rubuta min, mai ninka wannan gudun sau goma. Faswod na shiga saitin ko canza shi bai yi ba, admin admin. Kebul ɗin da aka ce min Cat6 ne zallan tagulla, ya yanko ɗan guntu ya kankare da reza sai ga fari ya fito, alminiyon ne aka shafa wa tagulla a baya. ₦85,000.

Sai akwatin. Ya kwance sukurori huɗu ya ɗaga murfi, muka leƙa. Jama'a babu had dis ko ɗaya. Fanka ce, da fitila, da ƙaramin filash an liƙa shi da gam, da manyan notuna biyu irin na tayar mota an manne su a gefe. Nauyin da na ɗaga na ji ke nan, noti na ɗaga ina gyaɗa kai. Wayar USB ce kawai ta fito ta baya ta shiga rauta. Ya sa filash ɗin a H2testw, manhajar gwada girman filash, ya nuna ainihinsa 64GB ne, an yi masa dabara yana ƙaryar girma, in ya cika sai ya riƙa karɓar fayil yana rubuta suna alhali ba inda yake ajiyewa. Ya kuma ce abin da ya ƙara ƙona min rai, wai had dis na gaske mai 4TB a Windows wajen 3.63TB yake nunawa, wato 4.00 cif ɗin nan da ta burge ni ita ce ma shaidar ƙarya. ₦310,000 na biya wa filash da noti biyu.

Na mayar wa mutanen Barnawa ₦150,000 ɗinsu, uwar amarya ta faɗa min maganar da ba zan maimaita ba kuma ban ga laifinta ba, biki ba a sake shi. Na Malali ɗaya mun ceto wani abu daga katin da ban sake ɗauka a kansa ba. Amma ba wannan ba ne. Bidiyon dawowar Baba daga Hajji a 2012, da muryarsa yana mana nasiha ranar ɗaurin aurena, suna kan tsohon laftof ɗina, na kwashe su na zuba a akwatin nan don kowa a gidan ya samu, na yi wa laftof ɗin fomat aka sa sabon Windows na ba ɗan yayata da ke makaranta. Baba ya rasu 2019. Ina ta bin 'yan uwa ko wani yana da kwafi a waya.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda, na je banki na cike takarda kan akawun ɗin, ina jira. Sikirinshot na alat ɗin duka biyu, da na dubu biyar ɗin da ya dawo da ita, da hirarmu, da hoton cikin akwatin, duk zan ɗora in na rufe lambobin, don an ce kar in saki suna da hoto tukuna. Siriri ne dogo, yana yawo da jakar baya da na'urar gwada kebul a rataye, bakinsa kullum cikin salati. Na ji an ce ya yi wa wani irin wannan a Kawo, in kai ne ka neme ni.

Wanda zai yi irin aikin nan ya sayi kayansa da kansa da risit, a buɗe akwati a gabansa ya ga had dis da ido, ya cika shi taf ya gwada kafin ya biya, kar ya goge asali, akawun mai sunan wani kuma a'a.

Hajiya har yanzu ba ta sani ba. Jiya ma da WhatsApp ɗinta ya sake tsayawa cewa ta yi in kira mata yaron kirkin nan mai gaisuwa, na ce mata ya yi tafiya.