Gargaɗi ga masu shirin canza furosesa: ana sayar da mai ƙwaya biyu da sunan mai huɗu

Jama'a, duk mai niyyar ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi, musamman 'yan'uwana masu haɗa bidiyon biki da suna, ku daure ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa ko sisi. Akwai wani mutum da ke zagaya zaurukan WhatsApp da shafukan saye da sayarwa yana tallar madabod (babban allon da ake jona sassan kwamfuta a kai) haɗe da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel Core i5-2500K mai ƙwaya huɗu, wato sassa huɗu a cikinsa da kowanne ke yin aiki da kansa. Yana cewa Landan yus ne, an riga an ja masa gudu zuwa 4.5GHz, ga SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri) da Windows a kai, kai dai ka jona ka fara aiki. Na saya da kuɗina, kuma abin da ya zo mini ba shi ba ne.

Shekaru ina aiki da tsohuwar Core 2 Duo E8400, mai ƙwaya biyu, gudun 3.0GHz. Ta yi mini hidima, amma da bidiyon wayoyin yanzu ya yi nauyi, sai ya zama in na sa ta fitar da aikin biki ɗaya bayan sallar Isha'i, har a kashe janareto ba ta gama ba. Tambayar da na yi ta juyawa a raina tsohuwa ce: in nemi mai ƙwaya biyu mai gudu sosai, ko mai huɗu ko da gudunsa bai kai ba? Tun 2008 masu harkar nan suke wannan muhawara, lokacin da ake gwada ita E8400 ɗin da Core 2 Quad Q6600 mai gudun 2.4GHz, wadda mutane da yawa kan ja ta zuwa 3.0GHz. Amsar ba ta canza sosai ba. Aikin da ba ya rabuwa, irin tsofaffin wasanni da ƙananan manhajojin ofis, gudun ƙwaya ɗaya ne ke tafiyar da shi. Aikin da ke rabuwa kuwa, kamar fitar da bidiyo, yawan ƙwayoyi yake so, tamkar leburori huɗu ne a kan tirelar siminti maimakon biyu. Ni mai bidiyo ne, don haka huɗu nake buƙata. Shi kuma mutumin nan ya zo mini da duka biyun a faranti ɗaya, ga huɗu ga gudu, a farashin da ya gaza na kasuwa. A nan ya kama ni.

Ya ce yana Legas. Hausarsa tas, ladabi kamar ka ba shi ajiya. "Yallaɓai, ai ba sai na yi dogon bayani ba, bari ka gani da idonka." Sai ya turo bidiyo. Ya buɗe shafin bayanan kwamfuta, ga suna ɓaro-ɓaro, i5-2500K, a gabansa 4.50GHz. Ya buɗe Task Manager, shafin Windows da ke nuna yadda furosesa ke aiki, ga akwatuna huɗu, wai kowanne ƙwaya ɗaya, kowanne layinsa na hawa da sauka. Ya turo hoton saman furosesan, ga rubutun i5-2500K da lambar SR008, wadda ita ce lambar asalinsa. Na biya rabi kafin alƙalami, ya sa kaya a mota, direba ya kira ni daga tasha, na buɗe kwali na ga madabod da fanka a ɗaure, na tura cikon.

Abin da ya sa ban farga da wuri ba shi ne, kwamfutar ta fi tsohuwata sauri, ba ƙarya. Shekara uku ne tsakanin zubin da nake da shi da wannan, ga kuma SSD, dole a ji bambanci. Sai da na yi sati biyu ina fitar da aiki na lura cewa ragin lokacin bai kai ko kusa da abin da ya kamata mai ƙwaya huɗu a 4.5GHz ya ba ni ba. Na ɗauke ta na kai wa ubangidana, wanda a hannunsa na koyi gyaran kwamfuta.

Bai ko duba sunan da Windows ke nunawa ba. Ya sa filashinsa, ya buɗe CPU-Z, manhajar da ke karanto bayanan furosesa daga jikinsa, ya juyo mini da allon ya ce, "Karanta nan da kanka." Core i3-2120. Ƙwaya 2, layin aiki 4. Gudu 3.3GHz.

Na ce, "Maigida, to akwatuna huɗun nan fa?"

Ya ce huɗun gaskiya ne, amma ba ƙwayoyi ba ne. Ita i3-2120 tana da fasahar Hyper-Threading, wadda ke sa kowace ƙwaya ta bayyana wa Windows kamar biyu. Hakan na ɗan taimakawa, sai dai lebura ɗaya mai ɗaukar buhu a kowace kafaɗa ba leburori biyu ba ne. Ya sake buɗe Task Manager ya nuna mini ƙasan akwatunan, inda aka rubuta yawan ƙwayoyi daban, yawan layukan aiki daban, da girman L3, wato 'yar ma'ajiyar da ke cikin furosesa. Nawa 3MB ne, na i5-2500K na gaske 6MB. Da na koma kan bidiyon da mutumin ya turo, sai na ga daidai wannan wurin ne ya yanke bai nuna ba.

Sunan kuwa, ashe rubutu ne kawai da ke ajiye a rajistar Windows, kowa na iya shiga ya canza shi. Windows kan mayar da na gaskiya duk lokacin da aka kunna kwamfuta, shi ya sa ya dasa wani ɗan umarni da ke sake rubuta na ƙaryar a kowane tashi. Dalilin "kyautar" SSD mai Windows ke nan. Ubangidana ya kashe umarnin, ya sake kunnawa, sunan i3 ya fito.

Sannan ya kwance fanka, ya goge man da ke saman furosesan da auduga da sifirit, ya kai shi bakin ƙofa inda hasken rana yake. Da ya karkata shi, sai ga ƙananan zane-zane duk sun bi hanya ɗaya, alamar an bi ƙarfen da samfefa mai laushi an goge rubutun asali an buga sabo. Ya jawo durowa ya ɗauko i5 na gaske na wannan zubin, ya kifa su biyun a tafin hannunsa. Jerin ƙananan sassan da ke tsakiyar cikinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Wallahi a lokacin jikina ya yi sanyi, domin kuɗin nan na wata da watanni ne na tara.

Wanda ya shirya wannan ya san aikinsa. Furosesan biyu duk 'yan 2011 ne, duk ramin madabod iri ɗaya, LGA1155, suke shiga, kuma duk gudunsu na asali 3.3GHz ne. Bambancin da ido zai iya kamawa kaɗan ne, in ba ka san inda za ka duba ba.

Akwai ƙarya ta biyu da ta fi ba ni haushi, don da na san abu ɗaya tak da ban tura ko kobo ba. Madabod ɗin H61 ne. A wannan zubin na Intel, ƙarin gudu da 'yan sana'a ke kira obakulok ana yin sa ne ta ɗaga lambar ninkawa: 33 sau 100MHz shi ne 3.3GHz, in ka kai ta 45 ka sami 4.5GHz. Kafin hakan ya yiwu sai abu biyu sun haɗu, furosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa, da madabod irin P67, Z68 ko Z77. H61 ba ya bari a ɗaga wannan lambar haka ko da furosesan na gaske ne. Ke nan tallar kanta, H61 da 4.5GHz, ta tona asirin kanta tun a hoto. Ƙari a kan haka, fankar da ya ɗaura ƙaramar nan ce ta kwali. Furosesa mai cin wat 95 tun kafin a ja shi, a ce an kai shi 4.5GHz da wannan fankar, a ɗakin da ba AC a zafin watan Afrilu na Kano, ba zai zauna lafiya ba.

Kada kuma wani ya ɗauka mai ƙwaya biyu abin banza ne. Pentium G3258 na 2014 ƙwaya biyu gare shi, kuma a buɗe yake ana ja masa gudu sosai. Wanda aikinsa buga takardu ne da cike fom a intanet, i3 ta ishe shi. A sayar maka da ita da sunanta da kuɗinta, shi ne magana. Masu sayen laftof ma ku kula, i7-7500U da i5-7200U duk ƙwaya biyu ne masu layi huɗu, kuma ana yawan tallarsu da sunan masu huɗu. A kwamfutar tebur, sai a zubi na takwas, cikin 2017, i3 ta fara zuwa da ƙwaya huɗu na gaske.

Don haka in za ka saya, ka je da filashinka mai CPU-Z da ka sauke da kanka, kar ka yarda da wanda ke kan kwamfutar mai kaya. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka ga sunan furosesa a can, ka karanta lambar madabod da idonka, ka sa a kwance fanka a gabanka. In daga nesa ne, ka nemi wani naka a garin ya je ya yi wannan gwajin kafin ka tura cikon kuɗi. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin gwaji.

Da na kira shi na gaya masa abin da muka gani, cewa ya yi, "Yallaɓai, yaron shago ne ya yi kuskure wajen ɗaure kaya, gobe zan aiko da naka." Washegari lambar ta daina shiga. Na kai ƙorafi banki da shaidar tura kuɗi da hotunan hirarmu, ina jiran abin da zai biyo baya. Shekaranjiya wani abokin sana'ata ya turo mini talla daga wani zaure: sabon suna, sabuwar lamba, amma hoton nan ne dai na madabod H61 a kan jan kyalle, da bidiyon akwatuna huɗu da aka yanke ƙasansa. In ya shigo zaurenku, don Allah ku sanar da mai kula da zauren ya cire shi, ku kuma tura wa duk wanda kuka san yana neman canza furosesa.