CRP ko furokalsitonin bayan tiyatar kansar hanji?

Likita, ka tambayi wane gwajin jini za ka saya, CRP ko furokalsitonin, don gano yoyon ɗinkin hanji da wuri bayan tiyata. CRP za ka ɗauka, ka ƙyale furokalsitonin tukuna. Duka biyun na yi aiki da su a kan waɗanda aka yanke wa hanji saboda kansa, kuma na san wanda ya fitar da ni kunya.

Hanta ce ke samar da CRP, wani sinadari da ke ƙaruwa a jini idan akwai kumburi a jiki, tiyatar ita kanta kuwa tana ɗaga shi har ya kai ƙololuwa tsakanin awa 48 zuwa 72, daga nan ya kama sauka. Shi ya sa awo ɗaya bai isa ba, sai an bi inda ya dosa daga kwana na uku zuwa na biyar. Ba na manta wani dattijo da muka cire wa wani sashe na babban hanji: a kwana na huɗu yana zaune yana raha, babu zazzaɓi, har ya fara roƙon a sallame shi, amma CRP ɗinsa ya tashi daga miligiram 160 zuwa 230 a kowace lita a lokacin da ya kamata ya sauka. Muka kai shi hoton CT, sai ga ɗinkin da aka haɗa hanjin da shi yana yoyo, aka mayar da shi tiyata tun cikin bai ruɓe ba, ya kuma koma gida da ƙafafunsa. Sai dai babban amfanin CRP yana wajen sallama ne, domin idan yana sauka, kuma a kwana na huɗu ya gaza miligiram 125 a kowace lita, da wuya a ce ɗinkin ya buɗe. Hawansa kuwa bai tabbatar da yoyo ba, tunda ciwon huhu ko ruɓar bakin rauni ma suna ɗaga shi.

Furokalsitonin, wanda shi ma sinadari ne da ake aunawa a jini, ya fi saurin tashi idan bakteriya suka shiga jini, wannan ban musa ba, amma taɓa hanji kaɗai yana ɗaga shi a kwanakin farko, haka ma ciwon ƙoda. Na'urarsa da muka saya tana nan a lulluɓe, tsadar sinadaranta ta hana mu auna mutum kullum.

Ka kuma yi hattara da dillalai. Wasu za su kawo maka tsinken gwaji mai nuna "akwai" ko "babu" kawai, alhali duk wanda aka yi wa tiyata "akwai" zai nuna. Na'ura mai ba da lamba kake bukata. Wasu kuma sinadaran da suka kusa lalacewa, ko suka sha zafi a hanya, suke sayarwa, don haka ka duba kwanan wata, ka sa a gwada samfurin tantancewa, wato wanda aka riga aka san sakamakonsa, a gabanka kafin ka biya.