Ricoh GR III a unguwar Liberties ta Dublin: gwana ce a kan mutane, gini ke ba ta wuya

Liberties tsohuwar unguwa ce a kudu maso yammacin tsakiyar Dublin, babban birnin Ayilan. A da tana bayan ganuwa, hukuncin masu gari bai hau kanta ba, daga nan sunan ya fito. Unguwar masaƙa ce da majema da masu dafa giya, kuma a gefenta ne Arthur Guinness ya karɓi hayar St James's Gate a 1759. Duk abin da zai gwada kyamarar aljihu yana nan: matsattsun tituna, 'yan tebur, dogayen majami'u, da hasken da ba ya minti goma bai sauya ba.

Kyamarar Ricoh GR III ta fito a 2019. Nauyinta giram 257 har da batir da kati, sensarta, wato farantin da ke kama hoto, mai girman APS-C ce da megafiksel 24, idonta (lens) kuma guda ne da ba a cirewa, 18.3mm f/2.8, daidai da 28mm a lissafin fim. Ba filasha, ba tagar leƙe, da allon baya ake tsara hoto.

Inda ta ci kuɗinta shi ne titin Meath, wajen mahauta da masu kayan lambu da ƙofar kasuwar Liberty. Tana da saitin da ake kira Snap: ka ƙayyade tazara tun kafin ka ɗaga ta, da ka danna sai ta ɗauka ba tare da laluben fokas ba. Sa Snap a mita 2, ƙofar haske a f/8, duk abin da ke tsakanin mita 1 da ƙarshen titi zai fito tas. In gari ya dushe ka buɗe zuwa f/5.6, mayar da Snap mita 2.5, ka samu daga kusan mita 1.4 zuwa 15. A f/2.8 kuwa dabarar ta watse, don da Snap a mita 2, mita 1.5 zuwa 3 kaɗai za ka samu, taku biyu mutum ya fice. Na fi son yanayin M a nan, inda kai ke saita komai: saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa ga masu tafiya, 1/500 ga keke, ISO kuwa, wato ƙarfin jin haske na sensa, ka bar shi ya riƙa hawa da kansa har 6400. Tana da na'urar hana rawar hannu, amma rawar hannunka take gyarawa, ba motsin matar da ke tura keken jariri ba, don haka kar ka yarda ta ruɗe ka ka sauka 1/30. Ƙarar ɗaukarta ba ta kai ta tsinken ashana ba, kuma yawancin mutane waya suke zaton ka riƙe.

Haske sai an san kwanciyar titunan. Meath da Francis sun miƙe daga arewa zuwa kudu, rana ba ta shiga cikinsu sosai sai wajen tsakar rana. Titin Thomas gabas da yamma yake. Majami'ar John's Lane na gefen arewa, fuskarta na kallon kudu, haske ya ishe ta. Majami'ar St Catherine's kuwa, wadda aka rataye ɗan gwagwarmayar Ayilan Robert Emmet a gabanta ranar 20 ga Satumba 1803, arewa take kallo, kusan kullum fuskarta a inuwa, sama kuma fari fat a bayanta. In ka bar ma'aunin haske yadda ya zo, ko dai sama ta ƙone ko dutsen ya zama gawayi. Zaɓi ma'aunin da ke kare wuraren haske, ɗauki hoton a DNG, wato ɗanyen fayil, ka ɗago inuwar a kwamfuta. Fayil ɗin na jure ɗagawar mataki biyu a ƙaramin ISO. A Disamba rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu, kuma ko da azahar ba ta tashi sama sosai, abin da ke fito da jan bulon gidajen Iveagh Trust na Bull Alley da kyau.

Ga mai bin tarihi, nan ne ƙorafina yake. Babban ɗakin karatu na ƙasar yana riƙe da tarin Lawrence, faifan gilashi kusan 40,000 da aka ɗauka tsakanin 1870 da 1914, mafi yawa aikin Robert French, kuma ana ganin da yawansu kyauta a intanet. Abin sha'awa shi ne ka tsaya inda ya tsaya ka sake ɗauka. Kyamarorin wancan zamani a kan ƙafa uku suke, kuma ana iya zame idonsu sama ba tare da an karkata akwatin ba, shi ya sa bangon gininsu ke tsaye cak. GR ba ta da wannan. Da ka ɗaga hancinta don hasumiyar John's Lane ta shiga, sai ginin ya kishingiɗa baya, bangayen su nufi juna. Maganin da ke aiki: juya ta a tsaye, kunna ma'aunin daidaito na allo, riƙe ta miƙe ko da rabin hoton kwalta ne, ka yanke ƙasan daga baya. Za ka yi asarar kusan rabin fiksel. Gyaran karkata a kwamfuta ma yana yi, sai dai yana miƙa saman gini ya laushe shi.

Wajen gano inda tsohon mai hoto ya tsaya, idon kyamara ba shi ne ke yanke magana ba, ƙafa ce. Buga tsohon hoton a takarda, nemi abu biyu da ba su gushe ba, ɗaya kusa ɗaya nesa, kamar kusurwar gini da kan St Patrick's Tower, tsohon injin niƙan iska na 1757 mai koriyar hula. Yi ta matsawa har su jeru yadda suke a takardar. Wani lokaci za ka tarar wurin yanzu tsakiyar hanyar bas ne, saboda an faɗaɗa titin Patrick da titin Cork daga baya. Tsofaffin taswirorin da ke GeoHive, shafin taswirorin ƙasar a intanet, za su nuna maka tsohon layin gini, ƙidayar 1911 kuma, wadda ke kyauta a shafin ma'ajiyar tarihin ƙasar, za ta gaya maka iyali nawa suka cushe a gida guda. In kana son matso da abu, kyamarar na iya yanke gefen hoto da kanta: yanka na 35mm yana barin megafiksel 15, ya isa. Na 50mm bakwai da ɗoriya ne kawai, bai kai a buga babba ba.

Ruwa kuma ba wasa. Kyamarar ba ta da kariyar ruwa, Dublin kuwa yayyafi ba ya sallama. Idon yana fita yana komawa duk kunnawa, ta nan ƙura da danshi ke samun hanya, kuma tunda ba a cire shi, ba ka iya goge sensa da hannu. Kar ka jefa ta aljihu tsirara, sa ta a ƙaramar jaka. Adaftar GA-1 da gilashin kariya na 49mm suna taimakawa, amma daga nan ta daina shiga aljihu. Batirin DB-110 hoto 200 aka ƙiyasta masa, sanyi na rage shi. Biyu na ajiya a aljihun ciki, ko ka yi mata caji ta USB-C lokacin shan shayi.

Titi na kowa ne, amma cikin kasuwar Liberty wurin mutane ne, nemi izinin mai rumfa, kuma bar yaran mutane. Kasuwar Iveagh ta 1906 da ke titin Francis ta daɗe a rufe, daga waje kaɗai za ka ɗauka, kuma titin bai da faɗin da za ka ja baya, a nan 28mm ta yi rana. Wanda fuskoki da allunan shaguna suka fi damunsa, GR IIIx ta 2021 mai ido daidai da 40mm za ta fi masa, sai dai ya san cewa a f/8 da Snap na mita 2, abin da zai fito tas bai wuce kusan mita 1.4 zuwa 3.7 ba.