Shirin makonni shida a ƙasar waje ko malamar sashenku?

Ƙanwata, tsakanin shirin nan na koyon bincike na makonni shida da za ki biya kuɗi ki tafi wata ƙasa, da zama ƙarƙashin malamar sashenku mai binciken rigakafin yara, ki ɗauki malamar. Na yi duka biyun, ba da ka nake magana ba.

Ina aji uku na shiga ofishin wata malama na ce mata ina son koyon bincike. Ba ta zama farfesa ba tukuna, kuma ba ta da wani tallafi na a zo a gani. Ta ciro min takardun bincike uku daga PubMed, rumbun binciken likitanci na intanet, ta ce in dawo bayan mako guda in gaya mata abin da ban yarda da shi ba a cikinsu. Da na dawo da yabo kawai, sai ta ce in koma in sake karantawa. A zuwa na biyu ne na lura cewa ɗaya daga cikin binciken ya dogara da abin da iyaye mata suka tuna, ba da abin da ke rubuce a katin rigakafi ba. Ranar ta jawo min kujera kusa da teburinta, kuma har yau ina jin daɗin tuna wannan rana.

Tambayar da ta ɗora ni a kai ƙarama ce: me ya sa yaran da aka yi wa allurar penta (rigakafin cututtuka biyar a haɗe) ta farko ba sa dawowa karɓar ta uku? Daga baya na gane ba ƙarama ba ce ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin faɗaɗa rigakafi tun 1974, kuma yawan yaran da suka samu allura ta ukun nan na cikin manyan ma'aunan da ake gane ƙarfin tsarin rigakafin ƙasa da su. Ashe lafiyar duniya da nake hangowa a bayan teku tana nan cikin rajistar ƙaramin asibiti.

Mun yi watanni muna jiran amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. A lokacin jiran ta sa na karanta Sanarwar Helsinki ta 1964 mai ƙa'idojin bincike a kan mutane, na koyi tsara tambayoyi a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, na fara lalube a manhajar nazarin alƙaluma ta R. Bayan an tattaro bayanai, ni na zauna ina tsince kurakurai layi bayan layi, aikin da ba wanda ke ɗaukar hotonsa. Sunana ya fito na uku a takardar binciken, kuma da na nemi digiri na biyu wasiƙar da ta rubuta min ta faɗi ainihin abin da hannuna ya yi.

Shirin waje kuwa, na ga asibitocin wata ƙasa, na yi abokai, na dawo da satifiket. Iyakarsa ke nan, kuma kuɗin da iyayena suka haɗa har yanzu yana yi min ciwo. Makonni shida sau da yawa ba sa isa a samu izinin kwamitin ɗa'a, balle a yi bincike. Sai dai idan jami'a ce ta shirya shi, an faɗi sunan malamin da zai duba ki, kuma su ne za su ɗauki nauyinki. Wannan kam a duba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da 'yan kasuwar wannan harka. Akwai masu turo saƙo cewa ki biya a saka sunanki a takardar da ba ki taɓa gani ba. Ƙa'idar ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci, sharuɗɗa 4 ce kafin a kira mutum marubuci: ya taka rawa a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta ko ya gyara, ya amince da rubutun ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan aikin. Kuɗi ba ya ciki. Akwai kuma mujallun bogi masu alkawarin bugawa cikin kwanaki kaɗan. Ki nemi sunan mujalla a DOAJ ko MEDLINE, kundayen mujallun da aka tantance, kafin ki tura komai, domin takarda a mujallar bogi tabo ce da masu ba da gurbin karatu ke ganewa.

Ita malamar ma ki bincika. Ki saka sunanta a PubMed ki ga ko sunayen ɗalibai na fitowa tare da nata, ki tambayi waɗanda suka yi aiki da ita ko tana samun lokacin zama da su. Idan amsar ta yi daɗi, ki karanta takarda ɗaya da ta rubuta, ki je ofishinta wannan makon da tambaya a kai, kuma tun a zaman farko ku yi maganar wane ɓangare ne naki da yadda za a jera sunaye.