Shekara guda a wani masaukin ɗalibai a Samaru: abin da na biya da abin da na samu

Lokacin da sunana ya fito cikin waɗanda suka sami gurbin digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, hankalina gaba ɗaya yana kan takardu. Ni malamin sakandare ne daga Azare, mai mata da 'ya'ya biyu, kuma neman izinin tafiya karatu daga wurin aiki, da karɓo cikakken sakamakon digirina na farko, da haɗa takardar kammala hidimar ƙasa da wasiƙun malaman da suka tsaya mini, sun cinye mini kusan wata uku. Maganar wurin kwana kuwa na bar ta a ƙarshe, bisa zaton cewa gari kamar Zariya ba zai rasa ɗakin da zai ba mutum ɗaya ba. Ɗakuna kam akwai su, amma samun wanda mutum zai iya zama ya rubuta kundin bincike a cikinsa wani aiki ne na daban, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani a gidan da na yi shekara guda a ciki.

Abin da baƙo ya kamata ya fara sani shi ne jami'ar nan, wadda aka buɗe a 1962, ba a wuri ɗaya take ba. Babbar harabar tana Samaru, a kan hanyar Funtuwa, masu karatun shari'a da harkar mulki suna Kongo, asibitin koyarwa kuma yana Shika. Wanda ya kama ɗaki kafin ya tabbatar da inda sashensa yake, zai iya ƙare shekararsa a cikin mota. Ni kaina na ɗanɗana hakan, domin da farko wani aminin mahaifina ya ba ni ɗaki kyauta a kusa da Ƙofar Doka, na kuwa karɓa hannu bibbiyu. Mako uku na yi a can. Kullum sai na hau abin hawa biyu, wani lokaci uku, in bi ta Kwangila da Palladan kafin in isa aji, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai sake komawa yadda yake ba. Da na zauna na lissafa abin da nake kashewa a wata, na haɗa da laccar ƙarfe takwas da na makara sau huɗu, sai na je na yi wa dattijon godiya, na shaida masa cewa zan matsa kusa da makaranta.

Akwai ɗakunan kwana na ɗaliban gaba da digiri a cikin jami'a, abokaina da dama ma a can suke, sai dai ni ina son inda maiɗakina za ta iya zuwa da yara su yi kwana biyu lokacin hutu, don haka na nemi dillali. Kafin ya tashi daga bencin da yake zaune sai da ya karɓi kuɗin ganin ɗaki, kuɗin acaɓarmu mu biyu ma ni na biya. Ya kai ni gidaje biyar tsakanin Hayin Dogo da lungunan bayan kasuwar Samaru, kuma a kowane gida da zarar ya ga na tsaya ina duba bango sai ya matso ya rage murya ya ce, “Malam, in kana so ka yi ta ta ƙare yau, domin akwai wata ɗaliba da ta ce za ta turo kuɗi bayan la'asar.” Daga baya da muka saba da maƙwabtana na gane cewa ɗalibar nan kowa an ba shi labarinta, kuma har yau ba wanda ya taɓa ganin ta.

Gida na biyar shi ne na kama. Ɗakuna 16 ne a jere biyu suna fuskantar juna, kowanne da banɗakinsa a ciki da ɗan lungun girki, ga ƙofa ɗaya ta shiga da maigadi, ga rijiyar burtsatse da tanki a sama. Tafiyar minti 15 ce a ƙafa zuwa ƙofar jami'a. Na biya naira 300,000 kuɗin hayar shekara, da 30,000 la'adar dillali, wato kashi 10 cikin 100, da 20,000 na ajiya saboda ɓarna, da wata 10,000 ta takardar yarjejeniya. A lokacin na ji zafin kuɗin ƙwarai, musamman da yake na ga ɗakin da bai kai rabin haka ba a wani gidan haya mai banɗaki ɗaya na kowa da kowa.

Ruwa ne ya fara nuna mini inda kuɗina ya tafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyin unguwa suka ja baya, 'yan ga-ruwa suka ƙara wa jarka kuɗi, sai ka ga ɗalibai tun da asuba a bakin layi suna jiran kura, mu kuwa famfonmu bai taɓa yin kwana biyu a jere babu ruwa ba, saboda injin da ke tura ruwa tanki da hasken rana yake aiki. Wanda bai taɓa fita neman ruwan alwala da ƙarfe biyar na asuba a ranar da zai gabatar da takarda gaban malamai ba, ba lalle ne ya fahimci darajar wannan ba.

Sai wutar sola, wadda ita ce ta sa nake yaba gidan fiye da komai. An ja wa kowane ɗaki layi na daban mai ƙwan fitila ɗaya da soket ɗaya, wanda zai ɗauki kwamfuta da waya da ƙaramar fanka, amma ban da dutsen guga da hitar dafa ruwa. Da rana ina ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, to amma ainihin rubutu, irin wanda mutum zai zauna da babi ɗaya har ya ga bayansa, tsakanin sallar isha da ƙarfe ɗaya na dare nake yin sa, kuma ko an ɗauke wutar gari fitilata ba ta mutuwa. Dokar hana hita ta sha wuya a watan Janairu, domin sanyin hunturun Zariya ba ya wasa. Wata rana da asuba ina tsakiyar gyara babi na biyu sai na'urar batir ta yi ƙara, gidan gaba ɗaya ya yi duhu. Baba maigadi bai ce wa kowa komai ba. Tocila ya ɗauka ya bi ɗaki ɗaki yana sallama, duk wanda ya buɗe sai ya ce, “Malam, a yi haƙuri, bokiti zan gani,” ya tsoma yatsa a ruwan. A ɗaki na tara ya sami ruwa mai ɗumi, wurin wani bawan Allah mai digiri na uku, wanda a taron 'yan haya ya fi kowa faɗa a kan masu karya doka. Tun daga ranar aka koma dafa ruwan wanka a kan gas.

Gidan yana da shiru, saboda yawancin mazaunansa manya ne masu iyali a wasu garuruwa, kuma ana rufe ƙofa da ƙarfe 11 na dare. Da iyalina suka zo, sanar da mai kula da gida kawai na yi.

Inda aka ɓata mini rai shi ne rufi. Na duba ɗakin ne da rani, na ga silin fari tas da sabon fenti, ban kuwa tambayi dalilin da ya sa kusurwa ɗaya ta fi sauran haske ba. A watan Agusta aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ina Azare, da na dawo na tarar ruwa ya bi ta wannan kusurwar ya sauka daidai kan kwalin da na tara takardun tambayoyin da malaman makarantu suka cike mini, waɗanda na yi mako shida ina bi ina karɓowa. Haka na shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a kan katifa da tabarma, na kunna fanka, ina ɗaga kowace a hankali kada ta yage. Guda 23 tawadarsu ta narke, dole na sake komawa wurin masu su ina ba da haƙuri. Da na kai kuka wurin mai kula da gida sai ya ce Alhaji mai gidan ya yi tafiya, kuma wannan tafiya ta Alhaji sai da ta kai mako biyar, alhali ina ganin motarsa tana wucewa ta bakin titi. A ƙarshe ni na kira kafinta ya canza kwano biyu, bisa alkawarin za a mayar mini da kuɗina, aka kuwa mayar da rabi, wai ban nemi izini a rubuce ba. Laifina a nan shi ne ban karanta takardar yarjejeniyar da na biya wa naira 10,000 ba sai bayan da ruwa ya riga ya zuba, a cikinta kuwa babu ko layi ɗaya da ya faɗi wanda gyaran rufi yake kansa.

Mitar wutar gari ma abin ƙorafi ce, domin ɗakuna huɗu ne a kan mita ɗaya, ana raba kuɗin kati daidai wa daida, mai firji da wanda ba shi da komai sai fitila. Ɗakunan baya kuma, inda nawa yake, intanet ba ya kamawa sosai, har ya zama duk ranar da zan tura wa mai duba aikina babi sai na fita gindin mangwaron da ke bakin ƙofa da kwamfuta a hannu. Hanyar shiga layin da damina laka ce zalla, mai acaɓa yakan sauke mutum a bakin kwalbati ya ce iyakarsa ke nan.

Akwai kuma abin da ya shafi duk gidajen haya na ɗalibai, wato shekarar mai gida ba ta tafiya da shekarar makaranta. Haya tana fara ƙirguwa daga ranar da aka biya, ko ana karatu ko ba a yi, kuma waɗanda suka ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun san yadda ake biyan kuɗin ɗakin da ke kulle. Ɗalibin digiri na biyu ya fi kowa shiga wannan matsala, domin bayan an gama darussa ba kullum yake bukatar zama a gari ba, amma tsakanin kare tsarin bincike, da gabatar da sakamako a sashe, da jiran mai jarrabawa daga wata jami'a, ba ya iya cewa ga ranar da zai tattara kayansa. Na roƙi a ba ni hayar wata shida, aka ce gidan ba ya yin haka.

Ga wanda sashensa yake Samaru, kuma aljihunsa zai iya ɗauka, ina ganin gidan ya ci kuɗinsa saboda ruwa da wuta da natsuwa, da sharaɗin ya tambayi tsofaffin 'yan haya halin da rufi yake ciki ba tare da dillali yana tsaye a wurin ba. Wanda yake Kongo ko Shika kuwa ya nemi wani wuri. Ni dai na sabunta hayata a watan jiya, bayan da aka ƙara naira 40,000, amma na koma ɗaki na biyu daga ƙofa inda waya take kamawa, kuma ban miƙa kuɗin ba sai da mai kula da gida ya rubuta da hannunsa a ƙasan takardar cewa gyaran rufi da famfo na mai gida ne, Baba maigadi ya dangwala yatsa a matsayin shaida.