Afridev ko India Mark II: wane tuƙa-tuƙa ne ya fi jure ƙauye?

Da yawa daga cikin rijiyoyin burtsatse na hannu da ake gani a ƙauyukan Jigawa, Katsina da Bauchi kuɗin tallafi ne ya haƙa su, musamman shirin ruwa da tsafta na SHAWN da UNICEF ta gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya tare da hukumomin ruwa da tsaftar karkara na jihohi (RUWASSA). A 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don wani shirin ruwa da tsafta mai suna SURWASH a jihohi bakwai, ciki har da Kaduna, Katsina da Gombe. Irin wannan kuɗi yakan biya haƙa, bututu, famfo da dandamalin siminti. Gyara kuwa na mutanen gari ne, ta hannun kwamitin ruwa da ake kira WASHCOM. Shi ya sa ma'aunin famfo mai kyau shi ne: ranar da ya tsaya, wa zai iya tada shi?

India Mark II jarumi ne wajen ƙarfi. An ƙera shi a Indiya a shekarun 1970, yana jan ruwa daga zurfin kusan mita 50, kuma kansa na ƙarfe yana jure hannun yara. Matsalarsa tana ƙasa. Silindarsa, wato ɓangaren da ke can ƙarshen bututu yana turo ruwa sama, ta fi bututun faɗi, don haka ko robar cikinta kaɗai ta cinye, sai an zaro bututun gaba ɗaya. Kowane tsawo mita 3 ne na ƙarfe, cike da ruwa. Rijiyar mita 30 tsawo goma ke nan, ana kwancewa ɗaya bayan ɗaya da manyan sifanu da maƙala. Aiki ne na ƙwararren makaniki da ƙarti uku ko huɗu, kuma in hannu ya kuɓuce, bututu ya faɗa rami, an shiga wani kashe kuɗin.

Sai tsatsa. Inda ruwan ƙasa ke da tsami, ma'aunin tsaminsa (pH) ƙasa da 6.5, bututun ƙarfe yana fara ruɓewa da wuri. Alamar ita ce ruwan safe ya fito ja, yana ɓata tuwo da fararen kaya. Mata su koma rafi, a ce rijiyar ce ba ta da kyau, alhali laifin bututun ne. Maganinsa a sa bututun roba da sandunan ƙarfen da ba ya tsatsa tun farko.

Afridev an tsara shi ne a Malawi da Kenya a shekarun 1980 da nufin mutanen ƙauye su gyara abinsu. Bututunsa na roba ne mai faɗin milimita 63, silindar kuma milimita 50, saboda haka ana zaro sandunan da ke haɗa hannun famfo da silinda, da fistin (abin da ke hawa da sauka cikin silinda), da bawul ɗin ƙasa (marufin da ke hana ruwa komawa), ta cikin bututun ba tare da an taɓa shi ba. Sandunan ƙugiya ce ke haɗa su. Mutum biyu da sifana ɗaya da sandar kamo bawul sun isa. Iyakar zurfin da yake jan ruwa mita 45.

Sai dai yana da nasa halin: yana cin ƙananan kaya. Robar fistin, robobin bawul da bushi (zoben robar da hannun famfo ke juyawa a kai) suna buƙatar canji kamar sau ɗaya a shekara, ko fiye in jama'a sun yi yawa. In aka bar bushi ya cinye, hannun ya fara lilo gefe da gefe, ƙarfe ya ci ƙarfe, gyaran 'yan kuɗi kaɗan ya zama sayen sabon kai. Kuma bututun manne shi ake yi da gam. In ya tsage, ko sanda ta goge shi a ramin da bai miƙe ba, sai an yanka an sake haɗawa, wannan kuma ya fi ƙarfin kwamiti. Jabun robobi ma sun cika kasuwa, sukan taurare su tsage cikin watanni.

Gwaji biyu ne ke nuna lafiyarsa. A tuƙa sau 40 cikin minti ɗaya: Afridev mai lafiya zai ba da kusan lita 16, in ya gaza 10 robar fistin ta tafi. Da asuba kuma, kafin kowa ya ɗiba, a ƙirga tuƙi nawa kafin ruwa ya fito; in ya wuce biyar, bawul ɗin ƙasa ko bututu na yoyo.

A ganinmu, ƙauyen da ruwansa bai wuce mita 45 ba, mai mutum 250 zuwa 300 a kan famfo ɗaya, Afridev ya fi masa. Kafin kwamiti ya sa hannu a takardar karɓar aiki, ya nemi ɗan kwangila ya ba shi bayanin zurfin rami da inda silinda take, sakamakon gwajin ruwa, sifana da sandar kamo bawul, da saitin robobi na shekara guda. A kuma auna tazarar rijiyar da masai mafi kusa, kada ta gaza mita 30.